Na Koya wa Kulu Cire Ɗan Tsegumi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina dama koko da safen nan aka kira ni: Kulu ta rasu a asibitin Sakkwato. Tun magaribar jiya aka tafi da ita, aka ɓoye min wai don hawan jinina.

Hajiya Kulu taubashiyata ce. Tun muna tallan gyaɗa a bakin boda muke zagin juna. Ita ta ce min Ige mai bakin reza, ni in ce mata Kulu mai cikin rumbu. Lokacin da ƙafata ta karye, wata biyu tana zuwa yi min kitso, tana yi tana zagin gashina.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, har ta kai ga allura kullum. Bara ɗanta Bello, da ke aiki a Turai, ya ɗauke ta can, likitoci suka dasa mata wani ɗan abu kamar guntun ashana a ƙarƙashin fatar damtse. A samansa ana manna wata 'yar na'ura. Suga ya hau ko ya faɗi, na'urar ta yi ta ɓari a jikinta, ta gaya wa wayarta, wayar ta gaya wa ta Bello. In an ɓamɓare ta saman, na cikin ba shi da bakin magana.

Ni na raɗa mata suna ɗan tsegumi.

Ranar wani suna a Ƙonni aka ajiye mana alkaki. Kulu ta ci biyu, waya ta yi ƙara. Bello ne: "Hajiya, mi kika ci?" Mata suka fashe da dariya, ita ko kamar ta yi kuka.

Na jawo ta gefe na ce, "Ke wawuya, ɓamɓare shi mana. In ya tambaya ki ce network ɗin Nijar ya kama wayar."

Kowa a garinmu Illela ya san wayarka tana iya tsallaka boda kai kana zaune a ɗakinka. Bello nan ya girma, bai yi musu ba. Ta ɓamɓare, muka ci alkaki muka yi ta dariya har gida. Daga nan in ya ga shiru, sai ya ce network ne.

Jiya Alhamis da hantsi ta shigo gidana. Ta zare hannun riga, ta ɓamɓare abin, ta jefa a kwanon gorona.

"Aje min abin ga. Azumi nika yi."

Na ce, "Ba likita ya hana ki ba?"

"Likita za shi tsaya min gaban Allah? Watan azumi ya wuce ina ci kamar jaririya, Ige. Kwana guda dai. In na cire a gida matar wancan maido min shi za ta yi." Ba ta taɓa kiran sunan Bello ba, ɗan fari ne.

Na tambaye ta allurar fa, ta ce ta yi da sahur kamar kullum. Ban san wannan ne haɗarin ba. Wallahi ban sani ba. Abin da na ce mata kawai: "Ke da ba ki iya kai azahar ba ki taɓa kwano ba?"

Ta yi dariya a bakin ƙofa. "Ki dafa min ɗanwake gobe, mai bakin reza."

Bayan la'asar ta kwanta. Mutanen gida suka zaci barci ne. Suga ne ya yi ta faɗuwa, abin da zai tashe ta kuma yana cikin gorona.

Ni na shiga wankanta da aka kawo gawa. Hannuna ya taɓa ɗan abin nan a ƙarƙashin fatarta, na kasa ci gaba. Aka aika wajen malam ko a cire, ya ce a bar mata, ba a yanka mamaci. Da shi aka kai ta.

Bello ya kira ni bayan jana'iza, muryarsa ta dishe. "Goggo, ban ga komai ba jiya. Network ne ko?"

Da na ce i, da shi ke nan, ba mai ƙaryata ni.

Na ce, "A'a, ɗana. Cire abin ta yi, yana nan wajena. Kuma ni na koya mata." Na gaya masa har alkakin Ƙonni.

Sai ya ce, "Allah ya riga ya rubuta, Goggo," ya kashe waya. Bai ce ya yafe ba. Ban ga laifinsa ba.

Tsofaffi irina masu ɓoye wa 'ya'yansu magani da awo, da masu zuga su don a yi dariya, ga ni nan ku gani.

Ya Allah, da azumi a bakinta ta zo maka, ka karɓa, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta. Ka sanyaya zuciyar Bello.

Duk wanda ya karanta ya yi wa Kulu Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura a bakinku, ku roƙa min gafara ni ma.