Dikten Litinin, Dikten Juma'a

Shekarar da na fara koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta gefen Dakoro, ina malamin kwantara, aka tura mu horo Maradi. Na dawo kaina ya kumbura. An koya mana cewa yaro ba da bulala yake koyo ba, da lada yake koyo, kuma wanda ya ci gaba ake sakawa, ba wanda ya riga ya iya ba.

Sai na sayi ƙuli-ƙuli cike da kwano. Dikte, wato shifta, ranar Litinin, dikte ranar Juma'a; duk wanda makinsa ya ƙaru, ya samu uku.

Sati biyu abin ya yi kyau har ina yi wa tsofaffin malamai kallon tausayi. Ban lura ba cewa Litinin tana ta lalacewa. Akwai wata yarinya mai zama a gaban aji, goma bisa goma take ci kullum, don haka ba ta taɓa samun ko ɓarɓashi ba. Ashe ita ta tara ajin ta tsara musu: Litinin kowa ya faɗi, Juma'a kowa ya tashi. Ita kuma take yi musu bita a ɓoye.

Ranar wata Litinin insifekta ya faɗo mana daga Birnin Lalle ba sanarwa. Rahotonsa ne zai sa a sabunta kwantarata ko a sallame ni. Ya yi musu dikte da kansa, ya bi kaye-kaye, littattafan rubutunsu, yana dubawa. Sifiri, ɗaya, sifiri. Wallahi na ji tsoro.

Sai yarinyar ta ɗaga hannu, ta kira ni da Mushe, yadda yaran lakwal ke kiran malami.

"Mushe, mu yi mishi na Juma'a yanzu?"

"Mi ne ne na Juma'a?" in ji insifekta.

Ta zayyana masa komai, ni kuwa ina neman ramin shiga. Ya sake karanta wani dikten, mai wuya ma. Ajin ya cinye shi. Mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce in fito da kwanon.

Ina rabawa, na zo kanta. Ba ta miƙo hannu ba.

"Ni goma na saba ci, Mushe. Ban ci gaba ba."

Kunya ta rufe ni. Ajin nan kaf ita ta koyar da shi, ni ƙuli-ƙuli kawai na saya. Na ajiye mata kwanon da abin da ya rage a ciki.