Hajiya ta kafa ganuwa a jardan

Jiya na je jardan, makarantar ƙananan yara, ɗauko 'yata Falmata, na tarar da yara kaca-kaca da laka, mahaifiyata Hajiya a tsakiyarsu ta ci ɗamara.

Madam, malamarsu, ce ta roƙi iyaye su zo su koya wa yara wani abin gida. Ina wurin aiki, sai na tura Hajiya.

Madam ta ce, "Hajiya, tatsuniya fa muka ce."

Hajiya ta ce, "Kakan kakana ya kwaɓa ƙasar ganuwar Damagaram. Jininsa ba zai tashi yana ƙyamar laka ba. Miƙo ruwa!"

Wallahi Madam ta miƙa.

Falmata da kullum sai da kuka take tafiya, yau ita ta tashe ni, wai ganuwarsu saura ƙofa.

To jama'a, wa zai taya ni wanki?