Matar da Ta Kore Ni Daga Ɗakin Asibiti

Wata Talata cikin Rajab, Hajiya Mubaraka Hussaini ta kore ni daga ɗakin da aka kwantar da matata. Ba ta ɗaga murya ba. Ƙofa ta riƙe ta ce, "Malam, je ka sha shayi."

A unguwar Gubaira ta birnin Riyad aka haife ta, 'yar tela ce, Larabci ya fi zama a bakinta. Da ta nemi kujera a majalisar ƙungiyarmu ta 'yan Nijeriya mazauna Riyad, maza suka yi ta dariyar Hausarta. Ta ci zaɓenta, ta yi shekara goma sha huɗu ita kaɗai ce mace a cikinsu. Daga sallar asuba tana kan waya, kafin hantsi ta isa unguwar Ulaya ko Aziziya, inda wani ke shirin sa hannu a takardar aikin da bai iya karantawa ba. Saidou mai albasa ya ga ranar da ta zauna a ƙofar wani kafili, ubangidan da ke riƙe da takardun ma'aikata, tun safe har la'asar, sai da ya fito da fasfon wata mai shara.

Babban ƙudurinta shi ne duk macen da za ta ga likita a haɗa ta da tafinta mace. Ni na miƙe na yi suka a kansa. Na sha littattafai, Larabcina na nahawu ne, na ce kowane miji ya isa ya yi wa iyalinsa tafinta. Alhaji Maulud, shugabanmu, ya ce ban bar wa kowa abin faɗa ba. Ita kuwa ta dube ni ta ce, "Nahawu kam ka sani, Malam. Kunya fa, a wane babi take?"

Ƙudurin ya wuce da ƙuri'a ɗaya, kuma ba tawa ba ce.

Duk da haka, shekara guda ina kai matata Sailuba asibiti, ni ne tafintanta. Likita ya tambaya, ta ce ciwon ciki, ni kuma in fassara ciwon ciki, babu kuskure ko na wasali. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba tun aurenmu, ita nake jira ta faɗi inda ke mata ciwo a gabana. A Talatar nan, kafin shayina ya huce, ta gaya wa Mubaraka komai. An makara. Amma wata bakwai da suka rage mata, maganin ciwonta aka ba ta, ba na wanda na fassara ba.

Hajiya, ke ce kika san abin da ba a faɗa sai an rufe ƙofa. Ke kika yi wa gawar Sailuba wanka, ba ki taɓa tuna mini jawabina ba. Na gode, ko da yake godiya ba ta saba da bakina ba.

Ranar Juma'a Hajiya za ta sauka daga kujerarta, kuma tuni Alhaji Maulud ya ce a soke tsarin tafintocin, wai yanzu waya na fassara. To, wayar a hannun wa take in ba na miji ba? Ba za a soke shi ba. Mata goma sha biyu ta horar, ku ƙaro wasu. Maza kuma ku zo ku ɗaga hannu, za ku tarar da nawa a sama.

Saura abu ɗaya, shi ba na Hajiya ba ne. Duk karatuna, akwai tambayar da ban taɓa yi wa Sailuba a gaban likita ba: ko in fita?