Malam Saura-Kaɗan da Sakatar Yayansa

Malam Saura-Kaɗan ake ce masa, don tun yana da gashi a ka yake rubuta kundin digirinsa na uku, kuma duk wanda ya tambaye shi ina aka kwana, amsar ke nan. Yanzu kan ya yi sanƙo tal, ƙuda in ya sauka sai ya zame ya karye. Ofishinsa a jami'a bai fi akurkin kaji ba: tebur mai ƙafa uku da bulo, fanka mai tari, takardu har rufi. Bincikensa a kan yadda masu ƙananan sana'o'i za su kare abin da suka ƙirƙira kada a kwaikwaye musu. Haƙƙin mallakar fasaha, in ji shi. Ya faɗe shi a gida har 'yar autarsa ta ɗauka sunan maganin tari ne.

Yayansa mai walda ne, da tartsatsin wuta ya biya wa Malam kuɗin karatu. Shi ya ƙera wata sakata mai kulle kanta. Ka tura ƙofa, ƙas, ko aljani sai ya kwana a waje. Sirrin wani lanƙwasasshen ƙarfe ne a cikinta, ko matarsa bai nuna wa ba. Burinsa a yi mata rajista, ta zama abin da zai bar wa 'ya'yansa.

To, Malam yana neman misali don wata maƙala, sai ya faɗo shago da kyamara. Yaya ya kwance sakatar, ya baje masa hanjinta a kan benci.

"Ɗauka, Dokta. Ai kai ne maigadinta."

"Ban zama Dokta ba tukuna, Yaya."

"Ɗauka dai, kafin mu mutu ka zama."

Ya ɗauka ta gaba, ya ɗauka ta baya. Aka buga a wata mujalla da ba mai karanta ta sai gara, aka ƙara masa girma, ya manta.

Shekaru suka ja, sakata ta fara suna. Malam da kansa ya ja Yaya zuwa ofishin rajista, yana tafe yana yi masa lacca. Ma'aikaciyar ta daddanna kwamfuta, ta juyo musu da fuskar kwamfutar. Ga sakata nan tsirara, har da babban yatsan Yaya mai baƙin farce.

"Baba, wannan ai ba sabuwa ba ce. Wani ya baza ta a duniya tuntuni. Abin da aka riga aka baza ba a yi masa rajista."

"Wane ɓarawon ne?" in ji Yaya.

Ta karanto sunan.

Wannan ƙa'idar fa Malam yake koyarwa, a kanta yake kayar da ɗalibai kamar ana girbi. Ya tsaya yana kallon yatsan. Bai ji kunya ba, bai ji tsoro ba. Jikinsa duk ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Abin da ya lura da shi kawai, an ci harafi ɗaya a sunansa.

"Wato ka sa ni a littafi," in ji Yaya.

"E, Yaya."

"Da hotona?"

"Yatsanka."

"To."

Ya naɗe sakatarsa a tsumma, suka fito.

Masu jiran a yi dambe sun sha zama. Ba a yi ba. Yaya yana gaishe shi, yana tambayar yara, ƙofar gidan Malam ma da ta ɓalle shi ya liƙe masa kyauta. Sai dai duk ranar da Malam ya leƙo shago, Yaya yakan jawo buhu ya rufe abin da yake haɗawa, sannan ya miƙo masa kujera. Malam ya karɓa, ya juya ta tana kallon titi, ya zauna.