Kwana huɗun da muka makara a kan Yaya Rakiya

Shekara uku ke nan da rasuwar Yaya Rakiya, kuma saura wata ɗaya a cika shekara huɗu da ranar da aka sa ta a jirgi daga Alƙahira ba da son ranta ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo mukan taru a yi mata addu'a, a ci shinkafa, a watse. Bana na ce sai na rubuta, domin akwai abin da ba a faɗa a wurin addu'ar, kuma ni ma ina cikin masu yin shirun.

Ga wanda bai san ta ba, 'yar Funtuwa ce. Ta biyo mijinta da ya zo karatu Masar, suka haifi 'ya'ya mata biyu a nan, Nusaiba da Juwairiyya. Mijin ya rasu Juwairiyya tana goye. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a kan karatunsa take, don haka da ya rasu ita ma ta faɗi. Shekara tara ta yi a unguwarmu ta Hayyus Sabi'i ba takarda. Ba ta koma gida ba saboda Nusaiba ta riga ta shiga makaranta, kuma a can ba ta bar kowa ba sai wani wanta da shi ma da ƙyar yake riƙe gidansa.

Dukkanmu mun san ba ta da iƙama. Ina so mai karatu ya riƙe wannan. Mun sani, amma ita muke bugo wa idan naƙuda ta kama mace, domin Larabcin Misirawa a bakinta yake kamar a nan aka haife ta, likitoci ba sa iya yi mata hanya-hanya. Ita ke koya wa sabuwar amarya inda ake samun kuka da daddawa. Ita ke wanke mana mamatanmu mata. A cikin shekarun nan tara ban taɓa jin an zauna an ce yaya za a yi da takardun Rakiya ba. Idan maganar ta gifta sai a ce Allah Ya rufa asiri, a shiga wata.

Saboda ni aka kama ta. A shekarar da gari ya hargitse ne, ko'ina ka bi akwai shingen bincike. Ina da cikin wata bakwai, ƙafafuna sun kumbura, na roƙe ta ta raka ni asibiti da safe. Ta ce hanyar ba ta da kyau kwanakin nan, sannan ta ɗauki mayafinta. Aka tsayar da maikrobas ɗinmu, wato ƙaramar motar haya, aka ce baƙi su sauko da takardunsu. Na miƙa nawa. Ita ta buɗe jaka kamar mai nema, alhali ni da ita mun san babu abin da za ta samu. Da za a wuce da ita sai ta juyo ta ce mini, “Maimuna, ki ƙarasa asibitin tukuna. In kin fito ki ɗauko mini yara daga makaranta.”

Wadda ta fara tashi tsaye ba Bahaushiya ba ce. Ummu Hani ce, Bamisiriyar da Yaya Rakiya ke haya a gidanta. A ranar ta gano ofishin 'yan sandan da aka kai ta, washegari ta zo da lauya. Lauyan ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce ba a riga an sa hannu a takardar kora ba. Idan wata makarantar koyon Larabci ta karɓe ta a matsayin ɗaliba, kuma mutum biyu 'yan ƙasarta masu iƙama mai rai suka tsaya mata a rubuce, akwai yiwuwar a ba ta lokaci ta gyara zamanta. Bai yi mana alkawari ba. Abin da ya nanata kawai shi ne takardun su shiga hannunsa kafin ranar Alhamis, domin daga nan fayil ɗin zai wuce sama, inda bakinsa ba ya kaiwa.

Makaranta ta samu cikin kwana biyu, nan ma Ummu Hani ce ta shiga ta fita. Mu mata muka raba kwanaki, kullum akwai mai kai abinci da kayan sawa, yaran kuma suka dawo wurina. Ya rage mutum biyu. Mutum biyu kacal, a cikin jama'ar da idan aka yi walimar suna sai an aro kujeru daga maƙwabta.

Aka kira taro a gidan Malam Tanimu, dattijon da muke kai wa ƙara idan wani abu ya taso. Falo ya cika har baranda, mu muna daga kicin muna ji. Wani ya ce duk wanda ya sa hannu za a tambaye shi me ya sa ya ɓoye ta shekara tara. Wani ya ce za a iya yanke wa mutum tallafin karatu. Wani ya ce a bi ta hannun wani babba da ya sani, a yi abin cikin sirri. Samari suka ce a watsa labarin a intanet, manya suka ce wannan tonon asiri ne. Aka ɗauki fiye da awa ɗaya ana gardamar wa ya kamata ya jagoranci maganar, ƙungiyar ɗalibai ko dattawa. Malam Tanimu ya rufe taro da cewa kowa ya je ya yi istihara. Babu wanda ya ce ba zai sa hannu ba. Kowa dai jira yake wani ya fara.

Maigidana yana cikin falon nan. Da saninsa nake rubuta wannan. Yana shekarar ƙarshe ta karatunsa, iƙamarsa tana da rai, tawa kuma a kan tasa take, don haka hannuna ba ya karɓuwa. Da muka koma gida na tambaye shi, ya ce a bari zuwa gobe a ga abin da babban nan zai yi. Ban matsa ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji kada a kore mu na haihu a hanya. Na kwanta a ɗaki ɗaya da 'ya'yan matar da aka kama saboda ta raka ni asibiti, na kuma iya yin barci.

Ranar Laraba ni ce da kai abinci. Ta rame, amma fes take kamar kullum, har ta zama tafintar wasu mata baƙi da ke tsare tare da ita. Ta tambaye ni su wa suka sa hannu. Na ce ana kan yi. Ta dube ni ta ce:

“Na san mutanena, Maimuna. Kada ki sa mijinki a gaba, yana da nasa nauyin.”

Daga nan ta koma tambayar ko an tsefe wa Juwairiyya kai, ko Nusaiba tana cin abinci. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Alhamis ta wuce, babban nan bai ɗaga waya ba. Sai ranar Litinin wasu ɗalibai biyu 'yan Gusau, waɗanda ko shekara ba su cika a ƙasar ba, suka je ofishin lauyan da fasfonsu. Sau ɗaya suka taɓa cin tuwonta. Lauyan ya karɓi takardun, ya buga waya a gabansu, ya ajiye, ya ce khalas, shi ke nan, an riga an sa hannu a takardar kora. Kwana huɗu muka makara.

Abin da muka yi da sauri ɗaya ne. Da aka ce za ta ci gaba da zama a tsare har sai an kawo tikitin jirgi, kafin la'asar an haɗa kuɗinsa. Mutanen da suka kasa samar da hannu biyu a mako guda sun iya sallamarta a yini ɗaya, har wasu na jin sun yi abin kirki.

Yaran ba su bi ta ba, domin a nan aka haife su kuma ba a taɓa yi musu fasfo ba. Ta ce su zauna wurina Nusaiba ta gama sakandare, ita za ta nemi hanyar dawowa. Ta nema. Aka gaya mata sunanta yana cikin waɗanda aka hana shigowa. Kullum tana kira bayan an taso makaranta, tana yi musu tilawa ta waya. Ba ta taɓa gaya mana ƙodarta na ciwo ba, sai daga bakin wanta muka ji, lokacin abin ya yi nisa. Wata goma sha ɗaya da komawarta ta rasu. Fasfon yaran ya fito bayan an yi arba'in.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga Hayyus Sabi'i ta yau. Yanzu muna da kwamiti mai tuna wa mutane lokacin sabunta iƙama. Bara aka kama wani tela ɗan Damagaram da ke zaune a unguwar Hada'iƙul Ma'adi, mai 'ya'ya uku, kafin a yi sallar isha'i masu son tsaya masa sun fi yadda ake buƙata, maigidana na cikin na farko. Bayan mako guda ya dawo gidansa. Ba a yanke wa kowa tallafi ba, ba a kira kowa an yi masa tambaya ba. An yi murna, ni ma na yi, amma da na koma gida kuka na yi, don na ga ashe abin bai fi haka wuya ba.

Na san ita cewa za ta yi ma'alish, ba komai, Allah bai nufa ba. Ni ban kai nan ba tukuna. Kwamitin nan ɗalibai kawai yake bibiya. Na san zawarawa biyu a unguwar nan da suke zaune yadda ta zauna, kuma kowa ya san su. Da na kai maganarsu watan jiya, aka ce a bari a gama zaɓen sababbin shugabanni.

Abin da ya rage mana nata ba shi da yawa, amma yana da nauyi. Akwai yara a gidajenmu da suka zo duniya tana riƙe da hannun uwayensu, akwai telan can da yake kwana cikin iyalinsa saboda kunyar abin da muka yi mata. Akwai kuma 'ya'yanta. Nusaiba tana karatun jinya, ba ta zuwa taron addu'ar da muke yi, ban kuma taɓa ce mata ta zo ba. Juwairiyya tana da shekara goma sha huɗu, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Shekaranjiya muna tsince shinkafar sadaka ta ce mini tana son zuwa Funtuwa ta ga inda aka binne mamanta. Sannan ta tambaye ni, “Anti, in na tafi, za su bar ni na dawo?”

Na buɗe baki zan ce mata in sha Allahu, sai na fasa. Na ce ban sani ba, amma gobe da safe za mu je mu tambaya, ni da ita, ba sai an kira taro ba.

Allah Ya yi wa Yaya Rakiya rahama, Ya ba ta masaukin da babu mai tashinta daga cikinsa. Mu kuma Ya yafe mana.