Allurar da Na Sa Aka Kafe

Shekarun baya, lokacin da nake ganin daga unguwar Zango har Birni babu wanda ya kai ni wayo, na taɓa mallakar wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Aikin biro nake yi, wato ofis, na saye ta ne don ta riƙa dako tana kawo min na cefane. Sai abin ya juye, ni na koma yi mata aiki. Albashi na shigowa ita ke fara cin rabonta kafin iyalina.

Ciwonta ɗaya ne, zafi. A cikin gari lafiya lau take, amma da an yi mata lodi an miƙi hanya mai nisa sai ta shanye ruwanta, allurar da ke nuna zafin inji ta haye ja. Abokina makanike ya buɗe ta, ya ce kan injin ne ya tsage, gyaransa kuwa ya kusa rabin kuɗin motar. Na ce to, sayarwa zan yi. Ya ce duk wanda ya ɗana ta zai ga allurar. Na ce, "Ita allurar ba a yi mata magani?" Ya dube ni, na dube shi. Ba zan ɗora masa laifina ba, ni na nema, ni kuma na biya. Ya zuba wani gari a tankin ruwa wanda ke toshe tsagar na ɗan lokaci, sannan ya yi wata dabara da waya. Da an murɗa makulli sai allurar ta hau tsakiya ta zauna, ko injin zai kama da wuta ba za ta gusa ba.

Ba a yi sati biyu ba dillali ya kawo min masu saye. Manoma ne daga wani ƙauye na Garagumsa, sun haɗa kuɗin gyaɗarsu don su sami motar da za ta riƙa kai musu amfanin gona kasuwa. Wani dattijo ne jagoransu. Tare da shi akwai shofer ɗin da za su damƙa wa motar, mutum mai furfura a gemu, wanda ya yi sama da shekara ashirin yana jan manyan motoci a hanyar Agadas kafin ya dawo gida kusa da iyalinsa. Shi ne idonsu a cinikin. Ya kwanta a ƙarƙashinta, ya shinshina mai, ya kara kunne a inji, sannan muka zaga gari da ita yana tuƙi yana leƙen allura. Da muka dawo ya ce wa dattijon, "Baba, injin nan da sauran ransa. Allura ma ba ta tashi ba."

Daɗi ya kama ni kamar na ci jarrabawa. Na zaro takardar da na buga a biro da Faransanci, wadda ta ce an sayar da motar yadda take, mai saye ya gani ya yarda. Dattijon ya dangwala yatsa, aka shafa fatiha, na shige gida ina yaba wa kaina.

Ko kwana goma ba a yi ba injin ya ƙone ƙurmus a hanya, da buhunan gyaɗa a baya. Da na gan su a ƙofar gidana, dattijon da mutum biyu da shofer ɗin, sai na ce asiri ya tonu. Ashe ba ƙarata suka kawo ba.

Dattijon ya ce, "Mushe," (haka ake kiran ma'aikaci a wurinmu, daga Faransanci) "ka gafarce mu, shaida muka zo nema. Makaniken da ya duba ta ya ce inji ba ya ƙonewa haka sai allura ta yi gargaɗi, sakacin mai tuƙi ne. Shofer ɗinmu kuma yana ta rantsuwa allura na tsakiya har hayaƙi ya tashi. Kai ka san motarka. Tana yin haka?"

Shofer ɗin ya zuba min ido, irin kallon wanda ya tabbata yau gaskiyarsa za ta fito. Ni kuwa na gyara murya na ce, "Ni dai, Baba, shekara uku ina tuƙa ta, allurar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba." Har a raina ina jin daɗin cewa ban yi ƙarya ba, tunda a shekara ukun nan allurar gaskiya take faɗa. Ku ji fa irin wayon.

Shofer ɗin ya sunkuyar da kai ya ce, "To, shi ke nan." Dattijon ya ba ni haƙuri a kan ɓata min lokaci, har da ajiye min ƙullin gyaɗa wai na yara. Kuma mun ci.

Bayan kamar wata huɗu na kai mahaifiyata likita a duba mata yanar ido. Muna zaune a benci muna jiran layi sai na ji an ce, "A'a, Mushe! Ina wuni?" Shofer ɗin ne, ya rame, da takardar likita a hannu. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, ya zauna kusa da mu. Na tambaye shi me ya kawo shi, don dai kada shiru ya yi yawa.

Ya ce, "Idon nan ne. Da farko na yi ta gardama da mutane, amma tunda kai ma mai motar ka faɗa, na san matsalar daga gare ni take. Abin da yake ja ni tsakiya nake ganinsa. Na ajiye permi na na tuƙi, Mushe. Yau inji na ƙona, gobe sai in kashe mutane. Ko babur na daina hawa. Likita ya ce bai ga komai ba, amma na dawo ya ƙara dubawa da kyau."

Na tambaye shi da me yake ci da iyali yanzu. Ya yi ɗan murmushi ya ce yana taya mutane aikin gona, sai dai a garin ba kowa ke amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba, tunda guminsu ya ƙona.

Kun san abin da na ce? Na ce, "Allah ya sawwaƙe." Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan.

Mahaifiyata tana da yana a ido, amma ba ta hana ta ganina ba. Muna fitowa ta tsaya cak a bakin ƙofa ta ce, "Kai, me ka yi wa bawan Allahn nan?" Na ce babu komai, Inna. Ta ce, "Tun kana goyo na san yadda kake haɗiye yawu in ka yi ɓarna." A nan bakin titi, ƴan kabu-kabu na ta yi mana ham, na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi kada in biya mata kuɗin aikin ido sai na mayar wa mutumin nan nasa idon.

Duk da haka ban miƙe zuwa ƙauyen ba. Sai da na fara biyawa wurin wani abokina mai aiki a kotu, da takardata a aljihu, ko za ta cece ni. Ya karanta, ya miƙo min abata. Ya ce irin wannan takarda wanda bai san da aibin ba take karewa. Wanda ya san aibi ya ɓoye, doka ta ce ya karɓi kayansa, ya mayar da kuɗi, ya kuma biya asarar da ya jawo. Ya ƙara da cewa, "Kai ai ba shiru kaɗai ka yi ba, bakin motar ka ɗinke don kada ta faɗa." Ko malamin unguwarmu ban je wa ba, na riga na san abin da zai ce.

Ranar Juma'a na yi shatar mota, na ɗauki batir, na tafi. Bashen tana ƙofar gidan dattijon, tayoyi sun sace, awaki na kwance a inuwarta. Bayan an sauko daga masallaci na roƙi a tara waɗanda suka zuba kuɗi, a kuma kira shofer. Ban tsaya dogon jawabi ba. Na ɗaura batir ɗin, na ce wa shofer ɗin ya shiga ya murɗa makulli. Injin da ya yi wata huɗu a mace, sanyi ƙalau, amma allurar ta miƙe ta hau tsakiya ta zauna.

Na juyo ga mutanen. Na ce, "Ni na sa aka yi mata haka kafin in sayar muku. Na san kan injin a tsage yake. Mutumin nan gaskiya ya faɗa muku."

Hayaniya ta kaure, wani saurayi har ya ci kwalata, dattijon ya tsawata masa. Shofer ɗin kuwa bai ko waiwayo ba. Yana zaune ya ƙura wa allurar ido. Ya rufe idon dama da tafinsa ya duba, ya rufe na hagu ya duba. Ya kira dattijon ya ce, "Baba, zo ka gani. Tsakiya take, ko?" Dattijon ya leƙa ya ce, "Tsakiya take." Sai ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe idona lafiya."

Filin da na saya da kuɗin motar shi na sayar na biya su, har da gyaɗar da ta lalace a hanya. Wannan mai sauƙi ne, tunda yana da adadi. Abin da har yau na kasa sanin yadda ake biyansa shi ne wata huɗun da mutum ya yi yana tsoron idonsa, yana ganin sana'ar da ya tsufa a cikinta ta ƙare, saboda magana ɗaya da na tsara don kada a kama ni da ƙarya. Na ɗauka mota na yi wa dabara, ashe mutum na yi wa.

Ya koma tuƙi, wani ɗan kasuwa ya ba shi mota. Ban taɓa jin ya ba wani labarin nan ba, ni ne yau nake tona kaina. Har yanzu in ya shigo gari da lodi ya hango ni, shi ke fara danna min ham, ya leƙo yana ɗaga hannu yana kiran Mushe. Ni kuma in ɗaga masa nawa, ina rasa inda zan sa fuskata.