Mama Rifkatu, wadda ta tsaya a layin maza

Da safiyar nan ina shirin fita aiki Lami ta kira ni tana kuka. "Yaya Ishaya, Mama ta tafi."

Mahaifiyarta, Mama Rifkatu. Ita ce ta rasu.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce dattijuwar nan da ke tsayawa a layin maza a ƙungiyar mawaƙan majami'armu ta Sabon Gari. Baƙi sukan tambaya ko ɓata wuri ta yi.

Ba ɓata ta yi ba. Waƙarmu murya huɗu ce, mata na ɗaukar biyun sama, maza na riƙe tena da bes a ƙasa. To, maza suka yi ta raguwa. Wani an yi masa canjin wurin aiki, wani ya tafi karatu, samari kuma suna cewa waƙa ta mata ce. Aka kai lokacin da babu ko mutum ɗaya a tena, waƙa ta koma sama kawai, ba abin da ke tallafe ta. Malam Bulus mai koyar da mu har ya ce a haƙura da murya huɗu.

Sai Mama ta ɗauki jakarta ta koma baya. "Malam, ni za ni riƙe musu wurin har su taho."

Alhali duk majami'ar babu mai muryar sama irin tata. A da, ba a ɗaura aure sai an roƙa ta yi wa amarya waƙa.

Ni ma ita ta jawo ni. Na je gyara mata fanka a shagonta na ɗinki, ina aiki ina ɗan rera waƙa. Ta tsayar da keke. "Kai ɗana, wagga murya kake ɓoyewa? Ran Alhamis ka taho wurin koyon waƙa." Na ce ban iya komai ba. Ta ce in tsaya kusa da ita kawai.

Duk sanda na zame na bi muryar mata, sai in ji gwiwar hannunta a haƙarƙarina. Ba ta taɓa kunyata ni a gaban mutane ba. In mura ta kama ni, za ta zo da ruwan citta da zuma a fulas, ta tsaya a kaina sai na shanye.

Makon jiya na je duba ta a gidanta da ke unguwar Gidan Dare, hawan jini ya kwantar da ita. Ta sa na rera mata tena na waƙar da muke koya, ta gyara mini wuri guda. Sai ta ce, "In an samu maza bana, Kirsimeti za ni koma gaba. Ko sau ɗaya."

Ta gyara zama, ta gwada ɗaga murya kamar da. Muryar ta karye a hanya. Ta sake gwadawa, ta ƙi.

Ta daɗe tana kallon hannunta.

"Ta tahi, Ishaya. Ba komi."



Ran Asabar za mu yi mata waƙa a wurin jana'iza. Ni kaɗai na rage a tena, bes kuma dattawa biyu ne da numfashi ke yi musu gardama. Ban san yadda zan buɗe baki babu kowa a gefena ba. 'Yan'uwa maza, duk wanda ya taɓa waƙa, ko da a makaranta ne, don Allah ya zo koyo ran Alhamis da yamma.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ya ba ta hutu a wurinsa. Ya ta'azantar da Lami da ƙannenta.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙo ya sa iyalinta a addu'a. Mu ma da za mu tsaya ran Asabar, ku tuna da mu.